Mun kakkaɓe furen gona kaf don 'ya'yan su zo a makare: muhawara kan ɓauren ƙaya

Baban Sadiya (Sisili):
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai maganar da na daɗe ina son kawowa nan, yau Allah ya ba ni hutun rabin yini. Shekarata ta huɗu ke nan ina aikin gona kusa da wani ƙaramin gari mai suna San Kono, a lardin Kataniya, tsibirin Sisili na Italiya. Duk inda ka waiga a yankin nan shuka ɗaya za ka gani: wata mai faffaɗan ganye mai kauri kamar faifai, 'ya'yanta na fitowa a jere a gefen faifan. Mutanen nan suna ce mata fiko d'Indiya, Larabawa na cewa tin shauki, ni kuma na raɗa mata ɓauren ƙaya.

Daga ƙarshen Mayu zuwa tsakiyar watan Yunin nan muka yi aikin da suke kira sikozolatura. Da sassafe za mu shiga gona da safar hannu mai kauri da tabarau da sanda, mu bi layi-layi muna kakkaɓe fure. Ba ragewa ba, kakkaɓewa kaf. Duk fure, duk ɗan da ya fara ƙulluwa, har da sababbin faifan da suka tofo a bazarar nan, sai ƙasa. Shekarar farko da aka sa ni wannan aiki hannuna ya yi nauyi ƙwarai, domin ni ɗan manomi ne, a gidanmu ko furen wake yaro ya tsinka sai ya sha faɗa. Amma mai gonar ya ce in yi haƙuri in ga Oktoba. Bayan kwana 30 zuwa 40 sai ga gonar ta sake yin fure. 'Ya'yan da za su nuna a Agusta sai suka koma Oktoba da Nuwamba, wasu har Disamba. Sun fi girma, tsokarsu ta fi yawa, kuma sun isa kasuwa lokacin da na Agusta suka daɗe da ƙarewa. Na farkon suna ce musu agostani, wato 'yan Agusta. Na makaran kuma bastardoni.

Abin da nake so mu tattauna: wannan dabara hikima ce ko caca? Kuma waɗanne hanyoyi ne wasu ƙasashe ke bi don kakar wannan abu ta yi tsawo?

Mai Tumatir (Kura):
Wa alaikumus salam Baban Sadiya. Ni tun kafin ka ƙarasa na gane inda aka dosa. Mu da muke noman tumatir a Kadawa mun san zafin kowa ya kawo kaya rana ɗaya. Kwandon da ake rububinsa da damina, shi ne a tsakiyar kakar rani za ka roƙi mai saye ya ɗauka. Da a ce tumatir na jin wannan magani, wallahi da ni ne na farkon ɗaukar sanda.

Ɗan Kasala:
Salamu alaikum. Ɗan'uwa, ka yi min afuwa, amma jikina ya yi sanyi da na karanta. Ina zaune a Kasala, a gabashin Sudan, kuma shekarun baya na yi ta shiga Eritiriya da harkar kasuwanci. A can sunan abin nan beles. Yana nuna da damina, daga wajen Yuni har Satumba, daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai iso ba. Za ka ga yara da samari sun hauro da shi daga gangaren hanyar Masawa zuwa Asmara, suna zaune bakin titi da 'yar wuƙa, su fere maka ka ci a tsaye. A tsaunukan Tigrai, a arewacin Habasha, ma haka abin yake, gida da yawa da shi suke rufa wa kansu asiri a waɗannan watanni, mutane su ci, dabbobi su ci ganyen. Yanzu ka ce wa mutumin da ke jiran wannan ya kakkaɓe furensa ya jira wata uku? Abinci ne fa Allah ya fitar. Ina jin tsoron kada ya shiga babin almubazzaranci.

Baban Sadiya (Sisili):
Yaya, maganarka ta taɓa ni, domin irin tunanin da na yi ke nan a farko. Abin da zan ce shi ne, ba a zubar da abinci, fure ne da toho. Ana barinsu a ƙasa a bi da garma su zama taki. Kuma gonar ba ta fasa haihuwa ba, jinkirtawa ta yi. Amma na yarda da kai ɗari bisa ɗari cewa mai noma don cikinsa daban, mai noma don kasuwar Milan da Jamus daban.

Malamin Gona (Zariya):
Sannunku da ƙoƙari 'ya'yana. Na yi shekara talatin da ɗoriya ina aikin malamin gona kafin in ajiye, kuma wannan shuka na daga cikin abubuwan da na yi ta karantawa a kansu saboda sha'awa. Bari in sa baki.

Ɗan Kasala, ka tuna da yadda muke rage gero. Ka zuba ƙwaya da yawa a rami, su tsiro, ka dawo ka cire ka bar biyu ko uku. Babu wanda ya taɓa kiran wannan ɓarna. Ɓarna ita ce ka lalata abu ba don wata maslaha ba. Amma batun yunwa da ka kawo shi ne ainihin ma'aunin, kuma kada mu bar shi ya wuce. A inda ɗan farko yake toshe ramin yunwa, darajarsa tana cikin zuwansa da wuri. A inda kasuwa ke cika ta batse a Agusta, darajarsa tana cikin makararsa. Shuka ɗaya ce, buƙatar mutane ce ta bambanta.

Game da yadda abin ke aiki: a gefen kowane faifai akwai idanu da yawa, waɗannan 'yan tabon da ƙaya ke fitowa. Ba dukkansu ke farkawa a bazara ba, wasu suna barci. Muddin furen farko da sababbin faifai suna nan suna jan abinci, na barcin ba za su motsa ba. Da ka cire su gaba ɗaya, sai shukar ta tashi waɗanda ta ajiye. Shi ya sa ake haɗawa da sababbin faifan. Masu bincike a Jami'ar Palermo da ke Sisili, irin su Giuseppe Barbera da Paolo Inglese, sun yi aiki sosai a kan wannan tun wajen 1990. Abin da suka nuna shi ne lokaci ne komai. Idan ka cire kafin fure ya buɗe ko yana tsakiyar buɗewa, na biyun yana zuwa da yawa. Idan ka bari har furen ya bushe ya zube, 'ya'ya suka kama girma, to na biyun zai iya raguwa da rabi ko fiye. Haka kuma idan ka ji tausayi ka bar sababbin faifai da yawa, furen biyu zai yi ƙaranci.

Baban Sadiya (Sisili):
Baba Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ka faɗi abin da idona ya gani. Mai gonarmu yakan raba gonar kashi uku, a yi wa kashin farko a ƙarshen Mayu, na biyu bayan kamar kwana goma, na uku a tsakiyar Yuni. Da haka girbin ma sai ya zo a jere, ba a rana ɗaya ba. Kashin farko ya fi yawan 'ya'ya, yana nuna da wuri. Kashin ƙarshe 'ya'yansa kaɗan ne, amma su ne ke kaiwa ƙarshen Nuwamba, lokacin da kuɗin ya fi kyau. Sannan akwai 'yan layukan da ba a taɓawa sam, a bar su su ba da 'yan Agusta. Idan ka haɗa duka, gona ɗaya tana fitar da kaya daga Agusta har kusan ƙarshen shekara.

Tsofaffin nan suna da labarin da suke bayarwa kan asalin dabarar. Wai wasu maƙwabta ne suka yi rigima, ɗaya ya shiga gonar ɗaya don mugunta ya kakkaɓe masa fure. Da kaka ta yi sai ga gonar wanda aka zalunta ta fi ta kowa kyau. Kowane gari na cewa a wurinsu aka yi. Labarin baka ne, amma har yau da shi suke fara yi wa baƙo bayani.

Maman Abba (Kumasi):
To ni tambayata, ruwa fa? Ai ana cewa shukar hamada ce, ba ta son ruwa.

Baban Sadiya (Sisili):
Hajiya, nan ne mutane ke ruɗewa. Rayuwa ba ruwa daban, haihuwar 'ya'yan kasuwa daban. A Sisili damina da sanyi take zuwa, Yuli da Agusta kuwa rana ce zalla. 'Yan Agusta suna girma da sauran laimar da ke ƙasa. Amma na makara suna yin fure a Yuli, tsakiyar zafi, ƙasa ta bushe ƙurmus. Idan ba ka ba su ruwa ba, za su fito ƙanana, ɓawo ya yi kauri, ka yi biyu babu. Mu muna da tiyo na ɗigo-ɗigo a kowane layi. Ba ruwa mai yawa ba ne idan ka kwatanta da lemo, amma dole ya zo a kan lokaci: bayan fure, da kuma lokacin da tsoka ke cika. A 2024 da fari ya matsa wa Sisili, madatsun ruwa suka ja baya, na ga manoman da suka tsaya suna lissafi kafin su ɗaga sanda, domin wanda ya kakkaɓe fure alhali ba shi da tabbacin ruwa ya saki tsuntsun hannu ne ya bi na sama.

Bayan furen biyu kuma akwai wani ragin. Faifai ɗaya zai iya ɗaukar 'ya'ya goma sha biyar ko fiye, mu kuwa muna barin kamar shida, masu tazara a tsakaninsu. Da haka ake samun ɗan da ya haura giram 120, irin wanda ake jerawa a kwali.

Ɗalibin Agadir:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ina karatun aikin lambu a Agadir, ƙasar Maroko, kuma na yi zirga-zirga zuwa yankin Sidi Ifni, ƙasar Ait Ba'amran, inda tsaunuka suke lulluɓe da wannan shuka. A nan ana ce mata hindiya, Barbarawa kuma aknari. Abin da nake so in ƙara shi ne, akwai hanyar da ba ta buƙatar sanda ko kaɗan, wato zaɓen iri. Suna da iri biyu marasa manyan ƙaya, sunayensu ma za su ba ku sha'awa: Isa da Musa. Isa yana nuna da wuri, a tsakiyar zafi. Musa kuwa sai daga Satumba, ya ja har Disamba. Manomin da ya dasa duka biyun ya tsawaita kakarsa ba tare da ya zubar da fure ko ɗaya ba. Ina ganin wannan ita ce amsar damuwar Yaya Ɗan Kasala: a bar na farko don ci, a ƙara na makara don sayarwa.

A Meziko, inda asalin shukar yake, kuma su suka fi kowa nomanta, haka suke yi da iri da kuma wuri. Jihar Puwebla tana fara fitar da kaya da wuri, yankunan da ke kewaye da babban birni su biyo, su Zakatekas a arewa su rufe. Suna da Reina, Kiristalina, Burona da sauransu, kowanne da lokacinsa. Duk da haka yawancin kayan yana taruwa ne tsakanin Yuli da Satumba, farashi ya faɗi, shi ya sa su ma suke neman dabara.

Ɗan Kasala:
To wannan na yarda da shi. Madalla da kai ƙanena. Iri biyu a gona ɗaya, wannan ko kakata za ta amince.

Malamin Gona (Zariya):
Akwai hanya ta uku da ba a ambata ba. A hamadar Negeb ta Isra'ila, masu bincike biyu na Jami'ar Ben-Guriyon, Avinoam Nerd da Yosef Mizrahi, sun gwada wani abu daban. Su ba su zubar da furen farko ba. Sun bari aka girbe 'ya'yan zafi yadda aka saba, sannan nan take suka ba shukar ruwa da taki mai naitirojin. Sai ta sake yin fure a kaka, a kan sababbin faifan shekarar, 'ya'yan suka nuna cikin hunturu. Girbi biyu ke nan a shekara ɗaya. Na biyun bai kai na farko yawa ba, amma yana zuwa lokacin da babu kowa a kasuwa. A ƙasar Cile ma shukar kan yi haihuwa ta biyu ƙarama a lokacin sanyinsu, bayan babbar kakar Fabrairu zuwa Afrilu.

Sai dai a kula. Naitirojin idan ya yi yawa, shukar za ta zuba ƙarfinta a ganye, 'ya'yan su yi laushi, zaƙi ya ragu. Kuma wannan hanya tana aiki ne a inda sanyin hunturu ba ya kaiwa ga ƙanƙara.

Mai Tumatir (Kura):
Baba, to me zai hana a kakkaɓe sau biyu, a tura 'ya'yan can gaba sosai?

Malamin Gona (Zariya):
An gwada, ɗana. Mutanen Palermo ɗin nan sun yi: aka cire furen farko, na biyu ya fito aka sake cirewa, na uku ya fito a ƙarshen zafi. 'Ya'yan sun kai har watannin Janairu zuwa Maris, amma sai da aka rufa wa bishiyoyin rumfar leda saboda sanyi, kuma furen ukun kaɗan ne ƙwarai. Kowace kakkaɓa tana cin ajiyar shukar. Idanun da ke barci ba su da yawan da ba ya ƙarewa.

Baban Sadiya (Sisili):
Kuma makara tana da nata haɗarin, kada in nuna muku gefe ɗaya. Na farko ƙuda. Akwai ƙudan 'ya'yan itace na yankin Bahar Rum, yana huda ɓawo ya saka ƙwai, tsutsa ta cinye ciki. Satumba da Oktoba ne lokacin da ya fi yawa, daidai lokacin da namu ke nuna. Tarko muke ratayawa, kuma duk ɗan da ya faɗi sai an kwashe. Na biyu ruwan kaka. Idan aka yi ruwa mai ƙarfi bayan dogon fari, 'ya'yan sukan tsage. Na uku, idan sanyi ya sauko da wuri, na ƙarshen ba sa kawo launi sosai, zaƙinsu ma ba ya kai na Oktoba. Shekarar da ta wuce kashinmu na uku ya gamu da ruwa, mun ware da yawa waɗanda ba su shiga kwali ba. Ranar na ga fuskar mai gonar, na san cewa lissafin nan ba kullum yake fita ba.

Kuma aikin kansa yana cin jiki. Manyan ƙaya ba su ne matsala ba, irin da muke nomawa kusan ba shi da su. Matsalar ƙananan nan ne masu kama da ƙaiƙayin gero, da iska ta kaɗa sai su tashi su shiga wuya da ido. Shi ya sa ake tsinka da asuba, lokacin da raɓa ta danne su. A ma'ajiya kuma akwai inji mai buroshi da ke goge su kafin a jera.

Maman Abba (Kumasi):
Ni 'yar kasuwa ce, tunanina ajiya. Me zai hana a tsinke shi ɗanye a ajiye kamar ayaba ko mangwaro, a riƙa fitarwa kaɗan-kaɗan?

Ɗalibin Agadir:
Mama, wannan ba ya nuna bayan an tsinke shi. Zaƙin da ya bar jikin uwarsa da shi, da shi zai tsaya. Don haka sai ya fara juya launi ake yanka shi, da ɗan guntun faifai a gindinsa don kada ruɓa ta samu ƙofa. A ɗakin sanyi yana yin mako 3 zuwa 4, wani lokaci fiye, idan an riƙe sanyin a kan digiri 6 zuwa 8 da laima sosai. Idan aka sauke ƙasa da digiri 5 na tsawon lokaci, ɓawon yana yin tabo ya lalace. Ajiya tana ƙara maka wata guda. Kakkaɓar fure tana ƙara maka wata biyu zuwa uku.

Hajiya Mai Lambu (Jos):
Salamu alaikum. Na bi zancen nan tun daga sama. Ina da gindi tara na wannan shuka a bayan gida, wata maƙwabciya ce ta ba ni faifan shekara biyar da suka wuce. Suna yin fure jefi-jefi, muna cin 'ya'yan, jikokina suna so. Idan Yuni ya zagayo in kakkaɓe ke nan?

Na Damagaram:
Kafin a amsa wa Hajiya, don Allah a ja kunnen masu karatu. Shingen da ake gani a ƙauyukan Filato, da kyarana da tinya da aguwa da muke da su, ba su ne wannan ba. Su idan ka karya farin ruwa kamar madara ke fita, mai guba, yana iya makantar da mutum. Ɓauren ƙaya ba shi da farin ruwa, yauƙi ne da shi kamar kuɓewa. Kada wani yaro ya ji ana yabon 'ya'yan shuka mai ƙaya ya je ya taɓa kyarana.

Hajiya Mai Lambu (Jos):
Gaskiya ne Malam, Allah ya saka. Nawa mai faifai ne, 'ya'yan ciki ruwan ɗorawa.

Malamin Gona (Zariya):
Hajiya, a'a, kada ki ɗauki kalandar Sisili ki ɗora a Jos. Yuni a wurinsu ƙofar rani ce, a wurinki tsakiyar damina. Abin da ake bi shi ne halin shukar, ba sunan wata ba. Ga shawarata. Ki samu littafi, shekara ɗaya cur ki rubuta ranar da kika ga toho, ranar da fure ya buɗe, ranar da ɗa ya nuna. Idan kin gane babban lokacin furenta, shekara mai zuwa ki zaɓi gindi uku masu ƙarfi ki kakkaɓe su a lokacin, ki bar shida. Ki lissafa gaba: wata ɗaya da ɗoriya zuwa sabon fure, sannan wata uku ko fiye zuwa nuna. Idan lissafin ya kai ki cikin ruwan Agusta, ki fasa, domin 'ya'yan za su tsage su ruɓe. Idan ya kai ki farkon rani, kuma kina da ruwan ba su, to ki gwada.

Jos tana da abin da yawancin ƙasarmu ba ta da shi, wato tudu na kusan mita 1,200 da dare mai sanyi. Wannan shuka da dare take buɗe ƙofofin numfashinta ta ɗauki iska, da rana ta rufe don kada ruwanta ya tsere. Dare mai sanyi-sanyi shi ne abincinta, kuma sanyin yana taimaka wa fitar fure. Ku duba duk inda muka ambata: Asmara tana sama da mita 2,300, gonakin Meziko a kan tudu suke, Sidi Ifni tana shan raɓar teku.

Na Damagaram:
Baba Malam, mu nan fa? Ƙasarmu ce ta fi buƙatar shukar da ke jure fari. Dabinonmu na yankin Manga ma sau biyu yake haihuwa a shekara, haka na ji ana yi a Dutse. Ina fata wannan ma zai karɓe mu.

Malamin Gona (Zariya):
Na so in ce maka e kai tsaye, amma gara in faɗa maka gaskiya. Wani masanin ƙasashen fari ɗan Faransa, Henry Le Houérou, wanda ya yi shekaru yana aiki a arewacin Afirka da Sahel, ya rubuta cewa wannan iri ba ya jin daɗin inda laimar iska ke sauka ƙasa da kashi 40 cikin ɗari na tsawon fiye da wata guda. Kai ka san hunturunmu da bazararmu: iska busasshiya wata da watanni, sannan dare mai zafi a Afrilu da Mayu. Farinmu da farin Maroko ba iri ɗaya ba ne. Wanda zai gwada a Damagaram ya fara da 'yan gindi a lambu, inda akwai ɗan ruwa da kariyar iska, ya fara ganin ta rayu ta yi fure tukuna. Maganar tsawaita kaka sai wanda ya riga ya samu kakar.

Ɗalibin Agadir:
Kuma don girman Allah kada kowa ya sa faifai a jaka ya tsallaka da shi iyaka. Akwai wani ƙwaro, koshinil, yana manne wa faifai kamar an yayyafa auduga, idan ka murje shi ja kamar jini. An fara ganinsa a Maroko a 2014, a yankin Sidi Bennur, cikin 'yan shekaru ya cinye gonaki masu ɗimbin yawa, 'ya'yan da talaka ke saye da ƙaramin canji suka zama abin marmari. Ya shiga Tunisiya a 2021. Cibiyar binciken noma ta Maroko ta fitar da iri takwas masu jure masa, da su ake sake dasawa yanzu. Na tsaya a gaban tsaunin da a da yake kore shar, yanzu sai busassun kututture farare. Ban taɓa ganin abin da ya karya min zuciya a harkar noma irin wannan ba.

Ɗan Kasala:
A Tigrai ma ɗan'uwan wannan ƙwaro ne ya yi ɓarna. Da gangan aka shigo da shi don a riƙa samun jan rini a sayar, sai ya kuɓuce ya bi gonakin mutane a kudancin yankin. Waɗanda suka dogara da beles a watannin yunwa su suka ɗanɗana. Shi ya sa duk dabarar da ta zo daga waje da sunan kasuwa nake fara tambaya: idan ta ɓaci, wa zai kwana da yunwa? Ban janye wannan tambayar ba, ko a kan kakkaɓar furen. Mai gonar da ke da rijiya da ɗakin sanyi da mai saye a Jamus zai iya ɗaukar asarar shekara ɗaya. Mai gindi hamsin a gefen dutse ba zai iya ba.

Baban Sadiya (Sisili):
Ba zan ce ka janye ba Yaya. Ko a nan, ƙananan manoma da ba su da ruwa ba sa yi, 'yan Agusta suke sayarwa a bakin hanya. A Tunisiya ma wani abokin aikina ɗan can ya ce a Bu Argub, kusa da Nabul, inda ake da ban-ruwa, ake yin na makara, amma a tsaunukan Kasirin yawanci na zafi ake girba.

Baban Sadiya (Sisili):
Jama'a, na dawo da labari bayan mako uku. Kashin farko da muka kakkaɓe a ƙarshen Mayu ya buɗe fure, rawaya ko'ina, ƙudan zuma sun cika gonar. Kashi na biyu ya yi toho sosai. Na ukun ne ya ɗan ba mu tsoro, domin zafi ya taso da ƙarfi a makon da muka yi shi, tohon ya fito tsilla-tsilla, wasu faifan uku, wasu biyu, wasu babu. Mai gonar ya ce a wannan kashin ba za a yi ragi ba, duk abin da ya fito a bar shi. Jiya da daddare muka buɗe ruwa a karon farko. Jibi za mu fara ragi a kashin farko, shida-shida a kowane faifai.

Hajiya Mai Lambu, idan za ki fara rubutun da Baba Malam ya ce, ki riƙa ƙirga fure a kan faifan bara daban, na tsofaffin faifai daban. Mu a nan kusan duk 'ya'yan a kan faifan bara suke fitowa, kuma ina so in ji ko a Jos ma haka ne.

Hajiya Mai Lambu (Jos):
Na riga na sayi littafin. Yau da safe na ƙirga, gindi biyu suna da toho, goma sha ɗaya a ɗaya, huɗu a ɗayan, duk a kan faifan bara. Na ɗaura musu tsumma ja don kada yara su taɓa.